Karen da ya ƙi tsalle ba bulala yake buƙata ba

Tun da bidiyon karnukan Turai masu tsallake shinge ya fara yawo a wayoyinmu, samarin da ke kiwon karnuka a unguwannin da ke kewaye da makarantar nan suka samu sabon abin yi. Sai a jera bulo biyu, a gitta ƙarfe a kai, a jawo kare da sarƙa ana daka masa tsawa. In ya tirje, dorina ta biyo baya. Wasu daga cikin masu yin hakan 'yan uwanmu ne ɗalibai, waɗanda ke sayar da 'yan kwikwiyo su haɗa kuɗin rajista, kuma ni ban raina wannan sana'a ba. Abin da na ƙi shi ne hukuncin da suke yankewa nan take, wai karen ne ke da taurin kai. A ganina, karen da ya tsaya cak a gaban shinge magana yake yi, mai shi ne bai saurara ba.

Bari mu fara da wasan kansa, don da yawa muna kallo ba mu san ƙa'idarsa ba. Turawa suna kiransa ajiliti, wato wasan zafin nama. An fara nuna shi a 1978 a bikin karnuka na Crufts a birnin Landan, lokacin da aka ɗora wa John Varley aikin nemo abin da zai ɗebe wa 'yan kallo kewa tsakanin gasa da gasa. Shi kuma ya nemi taimakon Peter Meanwell, gwanin horar da karnuka, suka kwaikwayi tsallen dawaki. Yau kare yakan bi jerin shingaye, ya kutsa rami, ya hau lilo, ya ratsa sanduna 12 yana karkacewa, agogo na ƙirga masa lokaci. Ga inda gizo ke saƙar: a cikin fili babu igiya a wuyan karen, mai shi ba shi da izinin taɓa shi, abinci ma ba ya riƙewa. Kare ya ƙi shinge, an ci shi maki 5. Ya ƙi sau uku, an fitar da shi. To, malam mai dorina, ranar da aka ƙwace maka dorinar da sarƙar, me ya rage maka?

Tambaya ta farko idan kare ya ƙi tsalle ita ce ko yana jin ciwo. Kare ba ya cewa wash, sai dai ya kauce wa abin da ke sa shi jin zafi. Ƙafafunsa na gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ko a tsaye yake, kuma wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2011 ya auna cewa idan ya dira daga shinge a guje, ƙarfin da ke sauka a kansu yakan kai ninki huɗu da rabi na nauyin jikinsa. Ka ɗauki wannan ka ɗora a kan siminti ko intalok, inda yawancin samarinmu ke yin horon. Sannan manyan karnukan da aka fi so a nan, irin su Alsatian, an san su da ciwon ƙugu na gado, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. Ga kaska, wadda ke sa wa kare zazzaɓi da kasala. Ga ƙaya a tafin ƙafa, ga farcen da ya yi tsawo ba a yanke ba. Karen da jiya yake tsalle yau ya daina, wurin likitan dabbobi ya kamata a nufa da shi kafin a ce uffan a kan horo. 'Yan kwas ɗin lafiyar dabbobi sun fi ni sanin wannan, shirunsu ne ke ba ni mamaki.

Maganar shekaru kuwa ita ce ta fi ci mini rai, saboda a nan kuɗi ke shigowa. Mai sayarwa yana so ya ɗauki bidiyon ɗan wata biyar yana tsallake ƙarfe don farashi ya tashi. Alhali a ƙarshen dogayen ƙasusuwan ɗan kwikwiyo akwai guringuntsin da ƙashi ke ƙara tsawo ta wurinsa, kuma ba ya gama ƙwari sai kare ya kai shekara ɗaya, a manyan karnuka har zuwa wata 18. Shi ya sa ƙungiyar Kennel Club ta Ingila ba ta barin kare ya shiga gasa sai ya cika wata 18. Ita dai ƙungiyar, a 2020 ta rage tsayin shingen manyan karnuka daga santimita 65 zuwa 60. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan suna sauke sanda ƙasa, mu da muka gani a waya muna ƙara bulo. Wanda ya sayi wannan ɗan kwikwiyon, bayan shekara biyu shi zai zauna da kare mai ɗingishi, mai sayarwa kuwa ya daɗe da cin kuɗinsa.

Ido ma yana ciki. Kare yana bambance shuɗi da rawaya sosai, amma ja da kore suna rikice masa. Jan sanda a kan ciyawa, ko ƙarfe mai tsatsa a kan jar ƙasa da magariba, da ƙyar yake gane inda yake.

In likita ya ce lafiya lau, abin da ya rage tsoro ne ko rashin sani. Tsalle a guje kan siririyar sanda koyo ake yi: kare sai ya lissafa inda zai tashi, ya tattara ƙafafun baya, ya lanƙwasa gadon bayansa. Sau ɗaya ƙarfe ya buge masa ƙwauri, ya riƙe abin a ransa. Nan zan roƙi 'yan uwana na sashen walda da ƙere-ƙere: don Allah kada ku like sandar. Shingen gaske an yi shi ne yadda da an taɓa sandar za ta faɗi. Fayif ɗin roba na ruwa ya wadatar, ga arha.

Yadda masu abin ke gyara irin wannan kare ba wani sirri ba ne. Ana cire sandar gaba ɗaya, a bar shi ya wuce tsakanin turakun biyu, a ba shi lada. Sai a ajiye sandar a ƙasa ya taka ya wuce. Bayan kwanaki a ɗaga ta kamar faɗin yatsu uku. Duk ranar da ya yi turus, a koma matakin jiya ba tare da faɗa ba. Ladan kuma gaba ake jefa shi, bayan shingen, don idonsa ya tsaya kan hanya maimakon hannun mai shi. Minti biyar ya isa, da sassafe kafin rana ta yi zafi, a kan yashi ko ciyawa, a kuma tashi tun yana marmari. 'Yar dafaffiyar hanta ko naman kaza a yanka ƙanana. Ban da ragowar tsire, don albasa guba ce ga kare.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a majalisa: kare in ba ya tsoronka ba zai bi ka ba, haka muka taso muka gani. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, duka yana iya hana kare yin abu. Amma wannan wasa so ake kare ya ruga da dukkan ƙarfinsa zuwa ga abin da yake shakka, kuma tsoro birki yake takawa. Karen da aka daka a gaban shinge, abin da ya koya shi ne shinge wurin duka ne. Wata Ba'amurkiya, Karen Pryor (sunanta ke nan, ba ni na raɗa mata ba), ta yi suna wajen yaɗa horo da lada, kuma ta koyi aikin ne a kan dabbar ruwa dolfin a Hawai cikin shekarun 1960. Dolfin ba ya ɗauruwa da sarƙa, in ka ɓata masa rai nutsewa zai yi ya bar ka a bakin ruwa, amma da kifi da usur aka koya masa tsallake igiya. Yankin Wales kuwa tun 2010 ya haramta abin wuyan da ke jan kare da lantarki, wanda yanzu nake ganin ana tallarsa a intanet kamar wani ci gaba.

Wani karen kuma, ko ka yi duk wannan, ba zai taɓa son tsalle ba, sai a ƙyale shi. Boerboel mai kilo 70 don gadi aka samar da shi, tilasta masa shinge kamar sa amale sukuwar dawaki ne. A gasannin duniya Border Collie ne ke cin karensa ba babbaka, kare mara nauyi da aka yi don kiwon tumaki. In ka dubi ƙirarsa ka dubi karnukan mafarautanmu, sirara masu dogayen ƙafafu, waɗanda ake ba da 'ya'yansu kyauta a ƙauye, za ka ga mai son wannan wasa bai buƙaci kashe kuɗin zango guda a kan ɗan ƙasar waje ba.

Ga ɗaliban da suka ɗauki abin da gaske, akwai abinci a wannan fanni. 'Yan sanda da hukumar NDLEA suna aiki da karnuka masu sansano kaya, kamfanonin gadi ma suna neman masu iya riƙe kare. Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ita ce a makon ɗalibai mai zuwa a ware awa ɗaya da safe a filin ƙwallo, 'yan lafiyar dabbobi su duba ƙafa da ƙugu kyauta, 'yan ƙere-ƙere su kawo shingen roba guda huɗu, duk mai kare ya zo da katin allurar haukan kare, dorina kuma a bar ta a bakin get.