Filin Unguwa Amana Ne, Ba Gadon Masu Mulki Ba

Jama'ar Kano, akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki ga mahukuntanmu, tilas kuwa mu tona ta. Mutanen unguwa su kwana da filinsu na wasan yara, ko kududdufinsu, ko harabar makaranta, su wayi gari su ga an kafa turaku an zuba yashi. In sun tambaya, sai a ce musu wai an sauya manufar filin, za a tada benaye da kantuna. In sun taru sun ce ba su yarda ba, nan da nan a laƙaba musu suna maƙiya ci gaba. To, mu muna tare da su, ga kuma hujjarmu.

Dokar Ƙasa ta 1978, wadda ta sa filaye a hannun Gwamna, amana ta ba shi don amfanin jama'a duka. Ba kyauta aka yi masa ba, ba kuwa gado ya ci ba. Mai riƙon amana kuwa ba ya taɓa kayan amana a ɓoye. Ina dalilin da za a sauya takardar fili a cikin ofis, maƙwabcin da ruwa zai ci gidansa shi ne na ƙarshen ji?

Birnin nan ba a rasa masa tsari ba. Tun zamanin Jamhuriya ta Farko Bature Trevallion ya zana tsarin Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Kakanninmu ma da ba su shiga makarantar injiniya ba sun san kududdufan da suka haƙa don ƙasar gini su ne ke shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara. Yau an cike da yawansu an yanka fuloti, har gindin badala bai tsira ba. Ruwa kuwa ba ya karanta satifiket: in ka tare masa hanya, sai ya bi ta ɗakin talaka.

Gani ya kori ji. A watan Agusta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa suka nuna yatsa ga gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyin ruwa. A watan nan dai bene mai hawa uku da ake ginawa a Titin Beirut ya rufto a kan mutane. Sai ga Filin Idi na Ƙofar Mata, inda wata gwamnati ta yarda aka jera kantuna, wata ta hau a 2023 ta rushe su tun ba ta yi wata guda ba. Kotun Tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Daga aljihun wa? Daga baitulmalin talakawa! Mai sayarwa bai shawarci jama'a ba, mai rusawa ma haka, amma jama'a ce ta biya.

Suna cewa mutane sun yi yawa, dole gini ya tashi sama. Gaskiya ne mutane sun yi yawa, ba kuwa mu ƙi bene ba. Amma a gaya mana, leburan Kwari nawa ne suka sami ɗaki a cikin benayen nan? Kantuna ne da gidajen hayar masu hannu da shuni. Kuma unguwar da famfonta ya bushe, tana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, kwatarta ta toshe, lungunta mota ɗaya ba ta juyawa, a kanta za a ɗora gida ɗari a filin gida goma? Wannan ba ci gaba ba ne, labta wa jaki kayan raƙumi ne.

Abin da muke nema bai da wuya. Kada Hukumar Tsara Birane ta sauya manufar kowane fili sai an manna sanarwa da Hausa a wurin, an yi shela, an zauna da mutanen unguwa a ƙofar mai unguwa, an rubuta abin da suka ce. A fara da magudana da ruwan sha da hanya, sannan a aza tubali. Filin makaranta da maƙabarta da masallaci da kududdufi kuwa a haramta taɓa su sam. A kuma buga sunan duk wanda aka ba fili, da abin da ya biya.

Ku kuma 'yan'uwa talakawa, in kun ga turaku a unguwar maƙwabtanku kada ku ce ba ruwanku. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku kafa ƙungiya, ku rubuta ƙara ku sa hannu gaba ɗaya, ku nemi ganin takardar izini, ku je kotu in ta kama, ba da jifa ba, ba da ƙone-ƙone ba. Sannan ku riƙe sunan wakilin da ya yi gum ranar da ake kafa turakun, don ranar ƙuri'a tana zuwa.