Masai da ruwan rariya: a yi mana doka, a bar mu da takinmu

Ɗan'uwa, in kai ɗan Minjibir ne ko Dawakin Tofa, Bichi ko Ɗambatta, ka san a ƙasarmu babu gonar da ake bari ta huta. Gona na jikin gona, gida na jikin gida. Tun shekarun 1960 Baturen nan masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya kowace damina ba tare da ya mutu ba. Sirrin dai taki ne: kashin dabbobi, toka, da sharar birni da ake ɗaukowa a mangalar jakai. Kakanninmu ba sa zubar da abin da ƙasa za ta ci.

To yau fa? Takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi sai dai ya sayi 'yan kwanoni. Amma akwai taki iri biyu da muke asara kullum, muna kuma mayar da su cuta: abin da ke cikin masai, da ruwan wanka da wanki da muke saki ta rariya ya kwanta a lungu, sauro ya yi gida, maƙwabta su yi ta rigima.

Na san kana yamutsa fuska. Daure ka ji. Wannan abu ana yin sa tuni, sai dai babu tsari. 'Yan kwasar masai kan juye kayansu a bayan gari ko a gona. Masu lambu a bakin kogin Jakara, har zuwa madatsar Wasai, da ruwan kwatocin birni suke ba da salak da alayyafo, ruwan da ke haɗe da na masana'antun Bompai. Shirun da muke yi bai hana komai ba, ƙa'ida kawai ya hana.

Kuma shirun na da tsada. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,600 a Najeriya, Kano na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. A 2019 gwamnatin tarayya ta sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025, wa'adin da ya zama na takarda. Amma maƙwabciyarmu Jigawa an ayyana ta a 2022 a matsayin jihar farko da ta kai wannan mataki. Ashe dai mai yiwuwa ne.

Abin da nake kira a yi shi ne dokar ƙaramar hukuma, gajera, da Hausa, wadda mai unguwa zai iya karanta wa jama'a a ƙofar masallaci. Wannan ba roƙon alfarma ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da banɗakunan jama'a da kwashe ƙazanta da shara a wuyan ƙananan hukumomi. Dokar ta ƙunshi abu huɗu.

Na farko, tazara. Masai ya nisanci rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 30, ramin kuma kar ya kai ga ruwan ƙasa. A garuruwanmu masu cunkoso, masan gidanku na iya zama bango ɗaya da rijiyar maƙwabci, don haka sai an duba kafin a haƙa.

Na biyu, masai mai rami biyu. Ana amfani da ɗaya, ana zuba toka da ƙasa bayan kowace shiga. In ya cika a rufe shi, a koma ɗayan. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ta ce a yanayi mai zafi irin namu a bar shi fiye da shekara guda kafin a kai gona, don ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki su mutu. Ɗanye kuwa, a hana shi gona, a ci tarar mai juye shi.

Na uku, ruwan wanka da wanke-wanke kar ya fita lungu. A yi masa ɗan rami da tsakuwa da yashi, ko a karkata shi gindin zogale, ayaba ko gwanda a cikin gida. Ban da ganyen da ake ci ɗanye, ban da ruwan wankin ƙunzugun jarirai.

Na huɗu, a yi wa masu kwasar masai rajista, a ware musu wurin juyewa, a ba su safar hannu da takalma. A dawo wa duba-gari da martabarsa, ya zo ya koyar kafin ya rubuta tara.

Za ka ce najasa ce. Gaskiya ne. Amma je ka tambayi malamin unguwarku: a Mukhtasar na Khalil, shukar da ta sha najasa tana cikin abubuwan da aka lissafa masu tsarki. Abin da ya rage shi ne lafiya, kuma shi doka za ta tsare.

Za ka ce Bahaushe ba zai yarda ba. Leƙa jihar Maraɗi. A yankin Aguié manoma sun raɗa wa fitsarin da aka adana suna "takin ruwa". Matan ƙungiyar FUMA Gaskiya sun gwada shi a gonakin gero daga 2014 zuwa 2016, amfanin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu rairayi.

Saura kai da ke. Datar da kuke ƙonawa kan rigimar 'yan TikTok, ku ware kaɗan. Ku ɗauki hoton lungun da ruwa ya kwanta, ku sa sunan mazaɓa, ku tambayi kansila a fili: ina dokar? In kai magini ne, koyi zuba murfin masai da ginin rami biyu, sana'a ce mai kasuwa a kowane ƙauye. Kuma yau ɗin nan, kafin magariba, taka daga masan gidanku zuwa rijiya mafi kusa, ka ƙirga taku nawa ne.