Har yaushe za mu ci gaba da jiran Bature ya zana mana randa?

Yau ba darasi kawai za mu yi ba, magana ce da za ta ɗan sosa wa wasu rai, amma dole a faɗe ta.

Buɗe duk wata manhajar tsara gida da ke cikin wayarka ko kwamfutarka, ka shiga wajen kayan ɗaki ka duba. Za ka samu murhun ɗumama falo na ƙasashen sanyi, da bahon wanka na kwanciya, da fiyano, da kantar jera kwalaben giya. To yanzu nemi randa, ko turmi da taɓarya, ko kujera 'yar tsugunno, ko buta da darduma. Kai, ko tankin ruwan nan da ke saman kusan kowane sabon gida, da kejin janareta, da kyar za ka samu irin namu. Sai ka ga yaro ya zauna ya tsara wa mahaifinsa gida a fili 50 da 100, ya fitar da zaure da tsakar gida daidai yadda ake so, amma da ya zo zuba kaya sai gidan ya koma kamar na wani ƙauye a Jamus.

Kafin ka ce ai Turawa sun ware mu, tsaya ka ji yadda kayan nan suke shiga manhajar. Ɗauki Sweet Home 3D misali. Wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Puybaret ne ya fitar da ita a 2006, ya sake ta kyauta ƙarƙashin lasisin GPL, wato kowa na iya amfani da ita har ya duba yadda aka rubuta ta. Da yawa daga cikin kujeru da gadaje da tagogin da ake saukewa a zuba a cikinta, masu amfani da ita ne suka ƙera su a gidajensu suka bayar. Haka abin yake a 3D Warehouse, rumbun samfura na SketchUp, wanda Google ta riƙe daga 2006 kafin ta sayar wa Trimble a 2012. Kowa abin da ke ɗakinsa ya auna ya zana. Wanda ya tashi da fiyano a falonsu fiyano ya zana, kuma ba shi da laifi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Randa ba ta ciki ne saboda mu da muke shan ruwanta ba mu zana ta ba.

Matsalarmu ta farko ita ce ci-ma-zaune. Mun ƙware wajen saukewa, amma ɗorawa sai ka rantse haramun ce. Mutum zai tara samfura dubu a wayarsa, bai taɓa mayar da ko cokali ɗaya ba. Ta biyu kuwa ta fi muni: wanda ya iya, ya ƙera ƙofar ƙarfe mai kyau irin wadda maƙeranmu ke yi, sai ya ƙulle ta a kwamfutarsa kamar asirin gado, wai kada wani ya ci arziki da ita. Ran da kwamfutar ta mutu ko aka sace ta, shi ke nan, aikin ya bi ruwa, na bayansa ya sake farawa daga tushe.

Na san abin da za ka ce: "To ni in na bayar kyauta, me zan ci? Data ma saya nake yi." Tambaya ce mai kyau, kuma ba wanda ya ce ka yi wa mutane zanen gida kyauta. Amma ka yi tunani, wanda ya zo wajenka da takardar filinsa, me yake biya? Yana biyan yadda ka fahimci iyalinsa ne, inda ka sa ɗakin uwargida da na amarya, inda ka juya tagogi don iska ta ratsa, yadda baƙo zai zauna a zaure bai ga cikin gida ba. Bai taɓa biyanka don fayil ɗin kujera ba. Kujerar kayan aiki ce, kuma in mutum ɗari suka ƙera kaya goma-goma suka zuba wuri ɗaya, kowannensu ya bayar da goma ya samu dubu. Ina asarar take? Ga kuma sunanka manne da kowane samfuri yana yawo inda ƙafarka ba ta taɓa zuwa ba.

In kana ganin kyauta ba ta gina abin kirki, dubi Blender. Kamfanin da ya mallake ta a ƙasar Holan ya durƙushe, sai a 2002 wanda ya ƙirƙire ta, Ton Roosendaal, ya nemi masu amfani da ita su yi karo-karo. Cikin mako bakwai aka tara Yuro 100,000, aka fanso ta, aka sake ta ga kowa. Yau da ita ake yin finafinai, kuma kai ma kana iya sauke ta ba ka biya ko sisi ba. Da waɗancan mutanen sun ce "me zan ci", da yanzu kana can kana neman manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta.

Sai kuma kaso na uku, waɗanda su ne suka fi ba ni haushi: masu kwaso samfuran da wasu suka yi gumi a kai, su goge sunan mai shi, su haɗa a fayil ɗaya su ce "kayan 3D na musamman, turo kuɗi a tura maka". Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A nan ya kamata ka san lasisi, don ba kowane kyauta ne iri ɗaya ba. Samfurin da ke ɗauke da CC0, mai shi ya sallama shi gaba ɗaya, yi yadda ka ga dama. Mai CC BY kuwa ya yarda ka yi aiki da shi har ka samu kuɗi, da sharaɗin ka ambaci sunansa. In ka ga an ƙara NC, to ban da kasuwanci. Shi kuma 3D Warehouse ya yarda ka sa samfuri a cikin zanenka, amma bai yarda ka kwashe su ka je kana sayarwa su kaɗai ba. Saboda haka wanda ya goge suna ya ci amanar mai aikin, ya kuma yaudari ɗan'uwansa da ya biya kuɗi a kan abin da zai samu a banza. Irin wannan halin ne ke sa masu basira su naɗe hannu su daina bayarwa.

To ta ina za ka fara? Kada ka ce sai kana da babbar kwamfuta. Ga abin da za ka yi:

1. Auna kafin ka zana. Ɗauki awon tela ko na kafinta ka rubuta tsawo, faɗi da tsayi da santimita. Samfurin da awonsa ba daidai ba ya fi babu illa, don zai nuna gado ya shiga ɗaki alhali a zahiri ƙofa ba za ta rufu ba. Fara da abu mai sauƙi kamar bulo inci 9, wanda awonsa santimita 45 ne a tsawo, 22.5 a faɗi da tsayi.

2. Zaɓi hanya. Tinkercad kyauta ce, a burauza take aiki, kana harhaɗa akwati da gwangwani da ƙwallo har su zama benci ko tanki. In kana da kwamfuta, Blender ta fi. In waya kawai gare ka, manhajoji irin su KIRI Engine da Polycam suna haɗa samfuri daga hotunan da ka ɗauka kana zagaya abu. Sun fi kama abu marar sheƙi kamar tukunyar ƙasa, turmi ko ƙwarya, gilashi da silba suna rikita su. Ka duba tukuna wane irin fayil suke bari a fitar ba tare da biya ba.

3. Rage nauyi. Samfurin da aka haɗa daga hoto yakan fito da 'yan fuskoki masu ɗimbin yawa, ya cinye data ya kuma sa manhaja ta riƙa sanƙarewa. A Blender akwai Decimate da ke rage su. Buta ba ta buƙatar megabait hamsin.

4. Fitar da shi a OBJ ko DAE, don Sweet Home 3D tana karɓar su. In OBJ ne, kada ka manta da fayil ɗin MTL da hotunan launinsa, haɗa su duka a ZIP ɗaya, in ba haka ba zai buɗe fari fat. Wajen shigarwa manhajar za ta tambaye ka suna da awo, da ko ƙofa ce ko taga.

5. Rubuta sunanka da lasisin da ka zaɓa, ka sa wa abin sunansa na Hausa, sannan ka ɗora inda kowa zai samu. In sun taru, ana iya haɗa su a kundi ɗaya na SH3F wanda za a shigar lokaci guda.

Gargaɗi ɗaya: kyan hoto a waya ba ya riƙe bene. Maganar rodi da ginshiƙi da tushe aikin injiniya ne, kada 3D ta ruɗe ka ka tsallake shi.

Ɗan'uwa, ba wanda zai taso daga Faransa ya auna maka murhun mahaifiyarka. A makon nan zaɓi abu ɗaya a gidanku wanda ba ka taɓa gani a cikin manhaja ba, ka auna shi, ka ƙera, ka sa sunanka, ka sake shi. Wanda kuma ka san yana sayar da aikin wasu da sunansa, tura masa wannan rubutu ya karanta. Allah Ya sa mu dace.