Tsadar Gawayi a Hunturu: A Fara Gyara Daga Murhu

Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, idan iskar hunturu ta taso daga Sahara, sanyin asuba a Kano kan sauko zuwa digiri 12 ko 13, wani daren ma ya yi ƙasa da haka. Ga mai kwana a ɗakin bulo da rufin kwano a gindin Goron Dutse, inda jaura ke kaɗawa ba shamaki, wannan sanyi ne mai ratsa ƙashi. A lokacin ne kuɗin wutar gida ke ƙaruwa: ban da girki, ga ruwan wankan yara kafin makaranta, ga ruwan alwalar tsofaffi, ga kaskon jin ɗumi da dare. Kowace shekara kuka ɗaya ake yi, cewa gawayi ya yi tsada, gas ya gagari talaka, kananzir ya zama labari. Kukan gaskiya ne, sai dai rabin zance ne. Sauran rabin shi ne, mafi yawan wutar da muke saya ba ta shiga tukunya, ba ta kuma zama a ɗaki, iska take bi. Farashi ba a hannunmu yake ba, amma murhu da ɗaki suna hannunmu, kuma nan ya kamata magidanta da hukuma su fara.

Kowa ya san yadda aka zo nan. Shekaru da dama risho ne abin girkin ma'aikaci da ɗan kasuwa, har gwamnatin tarayya ta janye tallafin kananzir a 2016. Kafin 2023 litar da a da hukuma ta ƙayyade a naira 50 ta haura naira 1,000. Aka ce a koma gas, jama'a suka sayi tukwane, sai cikon tukunya mai kilo 12.5, da ake yi a wajen naira 4,000 a 2020, ya ninka fiye da sau uku a 2024. Janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga kuɗin dakon komai, har da motar da ke kawo buhunan gawayi daga dazuzzukan kudancin Kano da jihohin maƙwabta. Wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce ga mai son dafa ruwa da asuba. Haka gidajen da suka yi sallama da hayaƙi suka koma kurfoti da itace, masu saye suka yi yawa, daji kuma yana ƙara nisa.

To, me muke samu daga abin da muke biya? Masana makamashi sun daɗe da auna murhun duwatsu uku: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen ne kawai ke isa ga tukunya. Wato a itacen naira 1,000, na naira 150 ne ya yi girki idan an yi sa'a. Duk wanda ya tsaya a tsakar gida da hunturu ya ga dalili da idonsa: harshen wuta na lasar gefen tukunya, iska na kwantar da shi gefe guda, uwargida na ta fifita tana share hawaye. Gawayi ma asararsa tun daga daji take farawa, domin a ramin ƙona gawayi irin na gargajiya sai an cinye kilo 5 na itace ko fiye kafin a fitar da kilo ɗaya. Sannan a kawo shi birni a zuba a kurfotin kwano mara rufi, wanda jikinsa ke zubar da zafi ta ko'ina. Wannan shi ne ɗiban ruwa da kwando. Murhu ingantacce, mai jikin yumɓu ko rufi biyu da ƙofar daidaita iska, kan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Ma'anarsa, buhun da ke ƙarewa a mako biyu zai iya kai wata, ba tare da farashi ya sauka ko kwabo ba.

Maganar kasko ta wuce ta kuɗi, ta shafi rai. Garwashin da aka shigar ɗaki aka rufe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi, wadda jini ke kamawa fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Mai barci ba ya jin shigarta. Ciwon kai da jiri da ake tashi da su da safe, a ɗora wa sanyi, sau da yawa ita ce. Ga kuma gobara, wadda Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ke gargaɗi a kanta duk hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Abin tambaya a nan, me ya sa ɗakunanmu ke buƙatar kasko tun farko? Tsoffin sorayen cikin birni, masu kaurin bango na tubali da rufin azara, suna shan zafin rana da yini su sake shi a hankali da dare. Kwano kuwa da rana ta faɗi ya huce, bulo mai rami ba ya riƙe komai, sanyi ya sauko kai tsaye kan mai barci idan ba silin.

Za a ce gas ne mafita ta gaskiya, gyaran murhun gawayi tsawaita wahala ne. Babu musu gas ya fi tsafta, kuma can ya dace a dosa. Jamhuriyar Nijar ta nuna hanya: bayan buɗe matatar Zinder a 2011, gwamnati ta ƙayyade farashin gas, gidaje da yawa a birane suka rungume shi. Amma namu farashin yana bin dala, kuma bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, masana'antu da tashoshin lantarki aka yi wa tanadinsa, ba madafin gida ba. Mai sayen gawayin ƙulli kullum ba zai jira wannan ba. Ko gidan da ke da tukunyar gas, idan aka zo dafa wake ko ruwan wankan mutum goma, gawayi ake hurawa. Tunda za a ƙona shi ko an ƙi ko an so, hankali ya ce a ƙona rabin abin da ake ƙonawa.

Za a kuma ce an gwada an gani. A 2014 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa mata, aikin ya ƙare a taƙaddamar kwangila, yawancin matan ba su ga komai ba. Darasin wannan shi ne kwangila daga Abuja da rabon kyauta ba sa aiki, ba wai murhun ne ba ya aiki ba. Kishiyar misalin tana cikin tarihinmu: lokacin ƙarancin kananzir a shekarun 1990, murhun da aka laƙaba wa suna Abacha ya bazu ba tare da sisin gwamnati ba, domin maƙera na gida ne suka ƙera, farashinsa daidai aljihu, gyaransa kuma a bakin layi. Garin da ya kafu a kan ƙira a gindin Dala ba zai rasa masu iya wannan ba. Ana ma haɗa murhun Save80 a nan Kano, wanda masu shi ke cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari. Matsalarsa kuɗin farko, maganinta kuwa biya kaɗan-kaɗan ta adashi da ƙungiyoyin mata, tunda rarar itacen ce za ta biya bashin. Sharaɗi ɗaya ne: duk murhun da ba zai ɗauki babbar tukunya ya jure tuƙin tuwo da muciya ba, bayan ɗaki za a jefar da shi. Don haka matan da za su yi aiki da shi ne ya kamata su gwada shi kafin a buga da yawa.

Wani zai ce hunturu wata biyu ne, gidan ƙasa kuma damina na cin sa. Ba wanda ya ce a rushe bulo a koma tubali. Silin, da toshe kafar taga da ƙasan ƙofa, da labule mai kauri, su ne ke tsare ɗumi a Janairu, silin ɗin nan kuma shi ke tare zafin kwano a Afrilu. Murhu kuwa kullum ake hura shi, rani da damina.

Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa a 2024, amma takarda ba ta dafa ruwa. Gwamnatin Kano ta horar da maƙera da masu walda, ta sa jami'o'inmu su auna ingancin abin da suka ƙera, ta kuma taimaka a mayar da ɓuntun da ke jibge a injinan shinkafa ya zama dunƙulen gawayi. Masu unguwanni da limamai su riƙa tunatar da jama'a kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Kai kuma maigida, kafin ka sake zuwa cinikin buhun gawayi, leƙa madafi ka duba murhun da za a zuba shi.