Zauren Kwalliya: Gilashin Hannu

Yanzu amaren Gwandu da Kalgo burinsu fitilar gilashi mai reto a falo. Tsofaffin nan masu tsada na shekarun 1950, da yawansu a Murano ta Italiya aka yi su, ana hura narkakken gilashi da baki ta bututun ƙarfe.

Mu ma fa muna da namu. A Bida, wadda a da take ƙarƙashin tutar Gwandu, mutanen unguwar Masaga na narka fasassun kwalabe su ƙera awarwaro da tsakiya, amma kayan roba na neman kashe musu kasuwa. Ni dai shawarata, ki raɗa wa angon naki ya saka na Masaga a lefe. In kin ga ɗan kumfa ciki kar ki raina, aikin hannu ne.