Wa Ya Karya Darajar Kwalin Injiniya a Kebbi?

Jama'a, mun gaji da jin amsa ɗaya. Duk sanda aka tambayi dalilin da ya sa yaron da ya karanta fannin injuna a jami'a yake zaman kashe wando, sai a ce wai babu aiki a ƙasa. Babu aiki? A Kebbi?

A tashi daga Gwadangaji da rani, a kama hanyar Argungu, a gangara fadamar Rima. Ƙarar injin ban ruwa ba ta barin mutum ya ji sallamar ɗan uwansa. Kowace gonar shinkafa da injinta, kowane inji kuma da ranar da zai ƙi tashi. A Argungu ga kamfanin shinkafa na WACOT da aka buɗe a 2017, a Birnin Kebbi ga Labana. Ga injinan casa da na niƙa a unguwanni, ga famfunan burtsatse, ga janareto a kowane ofis. Wannan jihar ce za a ce ba ta da abin da injiniya zai yi?

Mu yi lissafi irin na kasuwa, tunda kuɗi aka zuba. Karatun injiniya shekara 5 ne idan an yi sa'a. Wanda yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya rutsa da shi ya ƙara wata 8 a gida. Kuɗin rajista, kuɗin haya, kuɗin abinci, kuɗin aikin kammalawa, duk daga rumbun uba suke fita, buhu bayan buhu. Wata shekarar har ragon layya sai ya tafi. Yaro ya gama, ya tafi bautar ƙasa, yana karɓar alawus naira 77,000 a wata. Ranar da ya tuɓe kakin nan, ranar farashinsa ke faɗuwa. Mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jihar Kebbi naira 75,000 ne tun 2024, amma wannan na wanda ya samu shiga ne. Injiniyanmu yana wata makarantar kuɗi yana koyar da lissafi a kan abin da bai kai alawus ɗinsa ba, ko yana ƙarƙashin lema da na'urar cirar kuɗi a hannu.

Abokin wasansa da aka kai gareji tun daga firamare kuwa? Ya yi aure, ya sayi babur, yana da yara huɗu ko biyar da ke kiransa Oga. Allah ya ƙara masa buɗi, guminsa yake ci. Amma uban da ya sayar da shinkafar shekara 5 yana da haƙƙin ya san wanda ya cuce shi.

Masu cutar sun san kansu.

Akwai waɗanda aka damƙa wa makarantu, suka mayar da koyar da aikin inji karatun allo. Ɗakin gwaji a kulle, ƙura ta rufe injin sassaƙa ƙarfe, in ma an buɗe babu wuta, babu man janareto. Malami ya zana fistan a allo, ɗalibi ya kwafa, ya haddace, ya amayar a jarrabawa, ya ci. Da za ka ajiye masa injin ban ruwan babansa a gabansa ka ce ya kwance kafireta, sai zufa ta karyo masa. Kuɗin gina ƙofar shiga mai ƙawa bai taɓa yankewa ba. Na sayen sifana da waldar koyo ne kullum ba ya cikin kasafi.

An ƙirƙiro shirin SIWES tun shekarun 1970 don ɗalibi ya je masana'anta hannunsa ya yi baƙi. Yanzu fa? Littafin rahoto ake cikewa a ɗaki, a nemi wani kawu mai hatimi ya buga, malamin da aka ba kuɗin zuwa dubawa ya sa hannu bai taka wurin ba. Kowa ya sani, kowa ya yi gum. Sai ranar yaye ɗalibai a sha manyan riguna, a hau mumbari, a ce kimiyya da fasaha su ne ƙashin bayan ci gaba. Ba a jin kunya?

Akwai kuma masu riƙe da alƙalamin kwangila. A watan Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5, wanda ya ce a fifita injiniyoyi da ƙwararrun gida a ayyukan gwamnati. Hukumar COREN tana nan tun 1970 don kada wanda ba injiniya ba ya yi aikin injiniya. To me ake gani? Ɗan siyasa ya yi rajistar kamfani da sunan ƙaninsa, ya yi hayar takardar wani injiniya ya liƙa a fayil, ya ba shi na goro, ya karɓi aiki. Mai takardar bai san ko a wane ƙauye aka haƙa burtsatsen ba. Wata 6 famfo ya tsaya, mata su koma rijiya. Shi ma wanda ya ba da hayar sunansa kada ya fito yana kukan an raina sana'arsa, da hannunsa ya yi mata kuɗi.

Taraktoci kuma ba a magana. A sayo su, a jera, a ɗaura ƙyalle, a kira 'yan jarida. Bayan damina biyu ka same su a bayan wata ma'aikata, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari, alhali abin da ya kashe su bai wuce bel ko famfon mai ba. Me ya sa ba a gyarawa? Domin gyara ba shi da kaso. Sayen sabuwa ne ke da shi.

A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. An yi maganar iri, an yi ta taki, an yi ta injin ban ruwa. Wa ya tsaya ya ce a kafa wurin ƙera kayan gyaran injinan nan a jihar, a zuba yaran da Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar Aliero ke yayewa? Da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya gagari mai noman rani, kanikawan bakin titi ne suka riƙa juya injina su koma aiki da gas, masu hali kuma suka sayi na sola da aka shigo da shi daga waje. Ina ma'aikatu suke a lokacin? Aikin ban ruwa na Zauro, tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1991 ake maganarsa, har yau manomi da ɗan injinsa yake fama. Maganar kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da masaƙun Kaduna ba sai an tayar ba, jikokinmu ma za su gaji zancen.

Shi ya sa yaro ke ɗaukar ambulan ya nufi sakatariyar Gwadangaji, takalmi ya yi futu-futu, yana neman kujera ko wace iri ce. Ya riga ya gane cewa wasiƙar babban mutum ta fi sakamakon jarrabawarsa nauyi.

Mu ma iyaye ba mu fita ba. Mu ne masu cewa, "Ɗana injiniya ne, ba bakanike ba." Mu muka koya masa ƙyamar baƙin mai, har yake cewa, "Baba, ni da digirina zan shiga ƙarƙashin mota?" To ina injiniyan injuna zai shiga in ba can ba? A je Panteka a Kaduna a ga mutanen da ba su da kwali suna ƙera injin sussuka da na niƙa, suna sayarwa, suna ciyar da gidaje. Da mai lissafi zai sauke girman kai ya zauna da su, da injinan nan sun fi haka ƙarko, shi ma da ya samu na kansa. A maimakon haka mai digiri da mai babbar difloma suna can suna musun wa ya fi wani, majalisar tarayya ta zartar da dokar daidaita su a 2021 ba a sa mata hannu ba, su biyun kuma babu mai albashi.

Kai uba da ke shirin ɗaure buhunan bana don biyan kuɗin rajista, kada ka tsaya a ofishin karɓar kuɗi. Ka ce a kai ka ɗakin injuna, a kunna su a gabanka, ka tambayi ɗaliban aji huɗu yaushe rabonsu da taɓa su. Kuɗinka ne, kuma ba roƙo ka je yi ba.