Ra'ayinmu: Gawar rahibi a allon wasan 'ya'yanmu

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan lantarki a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ya saba ganin matasa tsaye ana loda musu wasannin bidiyo a waya ko a na'urar gem. Sau da yawa kuɗin daga aljihun uba ya fito, amma uban bai taɓa tambayar abin da aka zuba a cikin na'urar ba. Mun ga ya kamata mu yi wannan tambayar a madadinsa.

Akwai wani rukuni na waɗannan wasanni da aka gina a kan duhu, maƙabartu da rusassun majami'u. A Dark Souls, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2011, ɗan wasa yana ratsa wata majami'a cike da matattun da suka ƙi kwanciya a kabari. Blasphemous, wanda aka yi a birnin Sebil na ƙasar Sifen a 2019, ya ɗebo siffofin ibadar mabiya ɗariƙar Katolika ya mayar da su dodanni. A Sekiro na 2019 kuwa, masu bauta ne na addinin Buddha suka bar koyarwarsu don neman dawwama, har mutuwa ta ƙi ɗaukarsu. A irin waɗannan wasanni yaro yana samun lada ne idan ya sare mai rigar ibada.

Ba mu ce kowane wasa haramun ne ba. Malamai sun daɗe da bayyana cewa nishaɗi halal ne matuƙar bai shagaltar da mutum daga salla da wajibai ba, kuma babu caca ko alfasha a cikinsa. Mun kuma san yaro mai hankali yana bambance allo da zahiri. Sai dai abin da ido ya gani sau ɗari yakan bar tabo a zuciya, kuma abubuwa biyu ne suka dame mu.

Na farko shi ne aƙida. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, Allah Maɗaukaki Ya ba da labarin wanda mutuwa ta riske shi yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ƙi, kuma aka sanar da shi cewa akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. Al'ummarmu da ma tana fama da tsoron fatalwa, wanda malamai suka sha wahalar kankare shi. Yaron da ya koyi barzahu na minti goma a Islamiyya, ya kwashe sa'o'i uku yana faɗa da gawa mai tafiya, yana bukatar babba ya zauna da shi ya warware masa.

Na biyu shi ne adalci, kuma shi ya fi yi mana nauyi. A 2008 kamfanin Sony ya ɗage fitar da wasan LittleBigPlanet saboda an samu ayoyin Alƙur'ani a cikin wata waƙa da ke cikinsa. A 2021 masu Call of Duty: Vanguard sun nemi gafarar Musulmi bayan an ga shafukan Alƙur'ani warwatse a ƙasa a ɓangaren yaƙi da matattu. Mun fusata, kuma muna da gaskiya. To, da wane baki za mu yi shiru idan ɗakin ibadar wani ne aka mayar gidan dodanni, 'ya'yanmu kuma ke riƙe da takobin?

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. A Suratul Hajji, aya ta 40, an ambaci ɗakunan ruhubanawa da majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah Ke karewa daga rushewa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Halifa Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya umarci rundunar da ya aika Sham da ta ƙyale waɗanda suka keɓe kansu don bauta. Idan an hana soja taɓa rahibi a fagen yaƙi na gaske, bai dace kashe siffarsa ya zama abin shaƙatawar ɗan Musulmi ba.

Mutanen Kaduna sun fi kowa sanin tsadar raina abin da wani ya tsarkake. Rikicin 2000 da na 2002 sun ci rayuka, sun raba unguwanni, har kogi ya zama kamar iyaka tsakanin Musulmi da Kirista. Kasuwar nan na daga cikin wuraren da har yau ɓangarorin biyu ke cakuɗuwa kullum, ana ciniki ana gaisawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da za mu bar wa wannan gari ya kamata ya taso yana ganin mai ibadar wani addini a matsayin maƙwabci mai haƙƙi.

Saboda haka muna kira ga iyaye su zauna rabin sa'a su kalli abin da 'ya'yansu ke bugawa. Su duba alamar shekaru: lamba 16 ko 18, ko harafin M, na nufin ba na ƙananan yara ba ne. Wasan da aka loda ba ya zuwa da kwali, don haka a nemi sunansa a intanet. Masu lodawa da masu gidajen gem su ji tsoron Allah, su tambayi shekarun yaro kafin su karɓi kuɗinsa. Malaman Islamiyya su sanya wannan batu a darasin tauhidi da na haƙƙin maƙwabci. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta kuma su tuna cewa tarihin Zazzau, Daura da Sakkwato ya ishi a gina wasa mai daɗi a kansa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Kaduna lafiya.